Saƙon da Ya Tsaya a Ƙofar Baya

4 ga Janairu

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da Baba. Ya idonsa? Ya ciwon bayanki da zaman kujerar ɗakin kati na asibiti? Ni lafiya lau, sai tarin da sanyin ɗakin aiki ya sa min. Na'urorin nan sun fi mu daraja a wurin masu kamfani, su ake sanyayawa, mu kuma mu kwashi mura.

Na san za ki ce Sarkin Barci bai taɓa ɗaukar biro ba sai da dalili. Gaskiyarki. Amma ke kika hana ni kiranki a waya kan duk abin da ya shafi Inna, kika ce bangon gidan ba ya riƙe magana.

Kamfaninmu zai mayar da tsohon wasan nan fim, wanda Baba ya shekara talatin da ɗaya yana fitowa a cikinsa. Ni aka ba gyaran rubutu da tacewa. Ga inda na maƙale. A dandali, uwar gidan tana mutuwa ne a ɗaki, ƙofa a rufe. 'Ya'yanta uku suna tsakar gida suna rigima kan rabon gidan, sai tsohon baran nan, wato Baba, ya fito ya ja ƙofa, ya ce ta tafi cikin sauƙi kamar mai barci. Shi ke nan. Darakta ya ce kyamara ba ta tsayawa a bakin ƙofa, shiga take yi. Sau biyu ina rubuta abin da ke cikin ɗakin yana dawo min da shi. Na biyun ma cewa ya yi, "Wannan suma ce ta 'yan fim, a yayyafa mata ruwa ta tashi."

Ni ban taɓa ganin mutum yana mutuwa ba, Yaya. Ke kina wurin lokacin Inna, kuma tun ina zaune a gidanku ina makaranta na san ba kya barin rana ta wuce ba ki rubuta ta a littafinki ba. Ki gaya min yadda abin yake, ko da a layi biyar. In ya yi miki nauyi, ki share, ba zan ji haushi ba.

Ƙaninki


29 ga Janairu

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, da fatan tarin ya sake ka. Takardarka ta yi kwana goma sha ɗaya a hanya, ta ƙara goma sha huɗu a jakata. Baba yana lafiya in ban da ido. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu yana gane haske da inuwar mutum. Yana cin abinci, yana sauka bene sau ɗaya a rana. Bayana yana nan yadda ka san shi.

Sau huɗu ina fara amsa ina yagawa. Wannan ma ban tabbata daidai nake yi ba.

Ka tuna dokar ƙofar baya? Baba ne ya kafa ta a gidan wasan tun ba a haife ka ba. Daga lokacin da ɗan wasa ya shiga ɗakin shiri har a sauke labule, babu labarin waje da zai same shi, na daɗi ne ko na baƙin ciki. Da waya ta zo sai aka sayi akwati, kowa ya zuba tasa, Mai Ƙofa ya kulle. Baba yana alfahari da dokar nan. An taɓa yi wa wani haihuwa aka riƙe labarin awa uku, aka yi shekara ana dariyar abin.

Ranar da Inna ta rasu wasa biyu aka yi a jere, daga ƙarfe ɗaya zuwa shida. Abin da kowa ya sani, har da kai, shi ne ta yi barcin rana ba ta farka ba. Ni na faɗi haka, kuma ba haka aka yi ba. Ta yi awa huɗu da minti goma idonta biyu, hankalinta yana jikinta, tana kiran Baba. Ka san kiran nata: ta buga zobenta a ƙarfen gado sau biyu, ta dakata, ta ƙara ɗaya. Fiye da shekara arba'in, ko yana ƙasan bene ya ji sai ya hau. Na aiki maƙwabciyarmu sau biyu, na aiki telan da ke ƙasa sau ɗaya. Duka ukun Mai Ƙofa ya tsayar da su, ya ce doka ce, saura kaɗan a tashi. Ban je da kaina ba saboda ta riƙe min hannu. Har yau ina juya wannan a raina. Tafiyar minti ashirin ce, kuma ni ba zai iya tare ni ba.

Da Baba ya hawo, da sauran farar hodar wasa a bayan kunnensa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona. Sai na ji bakina yana faɗin abin da na tashi ina jin baran nan yana faɗa tun ina 'yar shekara shida: ta tafi cikin sauƙi. Daga baya na bi maƙwabciya da tela da Mai Ƙofa na roƙe su. Sun riƙe, shekara huɗu ke nan. Mai Ƙofa ya ajiye aiki a watan, ya ce wai gwiwa.

Ka tambaye ni yadda abin yake. Ni karatuna bai wuce sakandare ba, amma na ga wasan ya fi sau ɗari. Idan ƙofar nan ta rufu, kowa a ɗakin kallo nasa mamacin yake sakawa a bayanta. Na sha ganin mata suna kuka a layi ɗaya, na kuma san ba mutum ɗaya suke yi wa ba. A fim kuwa abin da na saba gani shi ne mai mutuwa ya faɗi magana mai kyau ya karkata kai. Inna ba ta faɗi magana mai kyau ba. Ta yi fushi, ta gaji da fushin, ta sake yi. Ina jin wanda ya rubuta wasan ya taɓa zama a irin ɗakin nan, shi ya sa ya rufe ƙofar.

Ga shafi tara na yago daga littafina na shekarar, da lokutan komai. Ba na so su ƙara kwana a gidan nan, don yanzu duk wanda ya zo gaishe da Baba sai Baban ya laluba takarda ya miƙa masa ya ce karanta min. Ka karanta don ka san yadda abin yake, sannan ka yi abin da ya kamata da su.

Yayarka


2 ga Afrilu

Ƙanena,

Ina gaishe ka, da fatan lafiya ce ta kawo shirun. Mu muna nan. Baba ya yi zazzaɓi na kwana uku a farkon Maris, ya wartsake.

Wata biyu ke nan ban ji daga gare ka ba. Na kira lambarka sau shida daga wurin aiki, ba ta shiga. Na zauna na lissafa abin da zai iya faruwa: ko takardar ta ɓata a hanya wani yana riƙe da ita, ko ta iso ka karanta ka daina ganina da mutunci. Na biyun ba zan ga laifinka ba. Inna ta riƙe ka shekara biyu kamar ita ta haife ka, kuma na tsaya a gabanka ranar ta'aziyya na yi maka ƙarya.

Jiya na duba kwafin wasiƙar da na ajiye. Da na ce ka yi abin da ya kamata da shafukan, ƙonawa nake nufi. Na karanta sau uku na ga ban rubuta kalmar ba. A kaina take, na ɗauka ta sauka a takarda. Don Allah ka ƙone su, ka rubuto min layi ɗaya cewa ka yi.

Yayarka


5 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ke da Baba. Ki yafe min shirun. Mako bakwai muka yi a wurin ɗaukar fim, inda waya ba ta kamawa sai an hau tankin ruwa. Jiya muka dawo, ban ko leƙa akwatin wasiƙa ba na zauna rubuto miki. Tarin ya tafi, rana ta gasa shi.

Shafukanki sun same ni kwana biyu kafin mu tashi. Na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune a ƙasa. Ba ki da laifi, Yaya, ko kaɗan. Kuma na gane nauyin abin da kika ba ni da kika ce in yi abin da ya kamata. Na yi.

Minti goma sha ɗaya ne a fim ɗin. Na sauya abin da zai nuna gida: babban ɗanta take kira, yana tsakar gida yana rigimar rabo, 'yar aiki ta je sau uku ana koro ta. Sauran duk na Inna ne. Yadda ta ce a bar ƙofa a buɗe don ta ji takunsa. Yadda ta ce a gyara mata ɗaurin kai kada ya zo ya same ta a hargitse. Ruwan da ta ce ba za ta sha ba sai daga hannunsa. Matar da ta fito a uwar gidan sau ɗaya ta yi, ba a maimaita ba. Da darakta ya ce a tsaya, babu wanda ya motsa, mai riƙe fitila yana share fuska da hannun riga. Darakta ya ce min shekarun nan duka baran nan ya hana mutane ganin wasan, yau aka buɗe.

Ga albishir. Za a fara nuna fim ɗin a gidan wasan Baba, ranar Asabar sha shida ga Mayu da ƙarfe huɗu, kuma shi ne babban baƙo. Ni na kawo shawarar. Tsofaffin abokan aikinsa za su kai masa katin da kansu.

Ƙaninki


17 ga Afrilu

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Lafiyarmu ƙalau ta jiki. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, yanzu na san ka ga tawa ta biyu ga wata, don haka ba sai na maimaita ba.

Katin ya riga takardarka isowa. Su uku suka kawo, suka zauna har yamma suna tuna da. Tun ranar Baba ya zama wani mutum. Ya sa an kai babbar rigarsa wanki. Yana sauka bene sau biyu yanzu, wai yana koya wa ƙafa. Jiya ina shanya na ji shi a matakala yana faɗin maganar baran, yana gwada muryar.

Na ce masa, "Baba, me za ka gani a fim da wannan idon?"

Ya ce, "Zan je in ji yadda suka ɓata min ƙofa. An ce wai sun shiga ɗakin. Me suka je nema? Mutuwar mutumin kirki ba abin kallo ba ce. Ke shaida ce."

Na ce haka ne.

Na rubuta hanyoyi uku a littafina. In ce likita ya hana shi fita, amma likitan abokinsa ne, zai tambaye shi. In ɓoye ranar, amma za su zo da mota. Ko in gaya masa da bakina kafin lokacin. Na gwada ta ukun ranar Laraba da safe. Na zauna gabansa na ce akwai magana. Ya juyo da kunnensa yana murmushi, ya ce, "Mijin ne ya samu a ƙarshe?" Na ce famfon banɗaki ne yake zuba.

Ba na zarginka. Ni na bar jimlar a buɗe, ni da aikina shi ne in tabbatar ba a bar gurbi a kati ba. Amma ka dubi abin da kyau. Shekararsa saba'in da takwas. Abin da yake tsaye a kai shi ne cewa ba ta neme shi ba, ba ta san ba ya nan ba. In ya gane ita ce, zai gane sau uku aka je, zai kuma gane abin da ya tsayar da saƙon. Babu wanda zai ɗora wa sai kansa.

Ka cire wurin nan gaba ɗaya. Ka mayar da ƙofar. In ba zai yiwu a ko'ina ba, a wanda za a nuna a nan kawai.

Yayarka


1 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki, kunya ta hana ni tsawaita gaisuwar. Na karanta duka biyun. Na kwana biyu ina son kiranki, ban san da wane baki ba.

Na je wurin darakta na faɗa masa abin da zan iya faɗa. Ya ƙi a cire. Ya ce wurin nan shi ne fim ɗin, in an rufe ƙofar gara kowa ya koma dandali. Mun yi sa'insa har ya ce in ajiye makullin ɗakin tacewa. Da ƙyar muka tsaya a tsakiya.

Ga abin da na yi. Zuwa uku na 'yar aiki na mayar da shi ɗaya. Duk maganar da na ɗauko daga shafukanki na cire, ta ƙofa da ta ɗaurin kai da ta ruwa. Yanzu minti shida ne, babu kalma ko ɗaya a ciki, fuskarta ce kawai da hannunta da hasken taga. Na bi hoton ɗaya bayan ɗaya sau biyar. Duk abin da ya rage na ido ne, Baba kuma ba zai gani ba. Ki kwantar da hankalinki.

Ba zan samu zuwa ba. Na ce musu aiki ne, ke kin san ba shi ba ne. Shafukan suna nan cikin ambulan, hannuna ya kasa kai su wuta. Ki ba ni ɗan lokaci.

Ƙaninki


24 ga Mayu

Ƙanena,

Bayan gaisuwa. Ni lafiya. Baba yana ci kaɗan, ya daina sauka bene. Likita ya duba shi ya ce bai ga komai ba.

Zan faɗa maka a jere yadda na rubuta.

Mun isa ƙarfe uku da rabi. Aka zaunar da mu a layin gaba. Ɗakin ya cika har da masu tsayuwa. Baba yana ta tsokanar tsofaffin, ya ce wa wanda yake fitowa a babban ɗa, "Kai har yanzu ba ka mutu ba? Ai ni na ɗauka rabon gidan ya kashe ka." Mai Ƙofa ma ya zo da sandarsa, ya zauna can baya. Mun haɗa ido sau ɗaya.

Da aka fara, Baba ya sunkuyar da kai yana saurare, yana yi min gyara a kunne. Wannan ya yi sauri. Wancan ya haɗiye ƙarshen magana. Da baran fim ɗin ya yi magana ya ce, "Yaro ne, amma ba laifi." Har na fara sakin jiki.

Sai kyamara ta shiga ɗakin, komai ya yi tsit. Ka yi gaskiya, babu kalma ko ɗaya. Amma ka bar zoben. Kai hoto ka bi, hannu ne kawai ka gani yana motsi a kan ƙarfe. A ɗakin nan, da manyan lasifikan da suka kawo, sautin ya fito kamar a gefen kunne. Biyu, shiru, ɗaya.

Baba ya yunƙura zai tashi. Ba tunani ya yi ba, jikinsa ne ya amsa. Ya dafa hannun kujera, ya ɗaga har rabi, sannan ya tuna inda yake. Ya tsaya a haka, ba a zaune ba, ba a tsaye ba, har aka sake bugawa. Sai ya koma a hankali. Sau bakwai aka buga a minti shidan nan. Bai juyo wajena ba, ni ma ban iya kallonsa ba, hannunsa nake kallo a kan gwiwa.

Da aka kunna fitilu mutane suka daɗe suna tafi. Aka miƙa masa makirufo. Ya ce an yi aiki, Allah ya saka wa kowa, ya mayar. A mota bai yi magana ba. Lahadi da Litinin ma haka, sai abin da ya zama dole.

Ranar Talata da safe ina ɗiga masa maganin ido, kansa a jingine, ya ce, "Awa nawa?"

Na yi kamar ban gane ba. Ya ce, "Ba yaro kike yi wa magana ba. Awa nawa ta yi tana bugawa?"

Na ce huɗu da minti goma.

"Kin aiko?"

"Na aika."

"Sau nawa?"

"Uku."

Maganin ya gangaro gefen fuskarsa, na goge. Na jira ya tambayi wanda ya tare su. Bai tambaya ba, ya sani. Can ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ina fitowa daga ƙofar nan ina cewa ta tafi cikin sauƙi. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba ko baran gaskiya yake faɗa. Na ɗauka shi ne mutumin kirkin wasan." Na ce ai shi ne. Ya ce, "Ke dole ki ce haka."

Bai yi min faɗa ba. Da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya aika wa Mai Ƙofa cewa babu komai tsakaninsu, mutum ba ya laifi don ya bi abin da aka ce ya bi.

Yanzu kullum da safe, bayan magani, sai ya ce in zauna in faɗa masa ranar daga farko, da lokutanta. Ina faɗa. Komai yana kaina, ban manta minti ɗaya ba. Amma in na kai wani wuri sai ya ɗaga hannu ya ce, "Haka ta ce, ko haka kike so in ji?" Na rantse masa, ya ce ya ji, amma bakina ya taɓa yi masa gyara, kuma bai gane ba har shekara huɗu. Takarda yake so, wadda na rubuta a ranar don kaina, ba don kunnen kowa ba. Kuma ba ni zan karanta ba, telan zai kira ya hau ya karanta masa, ni in zauna in ji.

Don haka kada ka ƙone su. In ka riga ka ƙone, ka gaya min gaskiya, in san abin da zan ce masa, ko da yake ban ga abin da zan ce ya yarda ba. In suna nan, ka aiko duka taran ta hannun wanda ka amince da shi. Kada ka cire ko ɗaya, har na ƙarshen, inda ta daina tambayarsa. Ya sa na faɗa masa yawansu, ya ce zai ƙirga da hannunsa.

Yayarka